Mai babur ɗin da ke yawo da baƙi a Kusiri

Jama'a in kun zo Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, ku nemi dattijon nan mai babur da ke tsayawa kusa da gadar Ngeli, wallahi ya san tarihin Rabeh, mayaƙin da ya ci daular Borno, kamar a gabansa aka yi. Ya kai ni bakin kogi yana nuna min wajen da sojojin Faransa suka yi arangama da Rabeh ranar 22 ga Afrilu 1900, Rabeh ya mutu, shi ma kwamandan Faransawan, Lamy, nan ya kwanta dama, shi ya sa Njamena ta zauna da sunan Fort-Lamy har 1973. Labarin yadda Rabeh ya ci Kukawa, babban birnin Borno na lokacin, a 1893 kuwa sai da ya kashe inji ya ba ni shi a tsaye. Sefa kaɗan ya karɓa. Matsalarsa gudu, ga babu hular kwano, ga ƙura.