Sharhi kan faifan SSD biyu masu araha da jinkirin da na gani wajen haɗa rumbun ajiya

Wata biyar ke nan ina amfani da faifan SSD guda biyu, wato faifan ajiyar kwamfuta da ba su da abin da ke juyawa a ciki, kowanne mai ɗaukar terabait 2, waɗanda na saya domin su maye gurbin tsofaffin faifai masu juyawa a cikin ƙaramar uwar garken da nake adana hotuna da bidiyon aiki. Abin da ya fi cancanta a faɗa a kansu ya bayyana ne tun daren farko, lokacin da aikin da na ɗauka na minti goma ne ya nemi ya kwana bai ƙare ba.

Tsarin da na zaɓa shi ne RAID 1 a kan Linux ta hanyar mdadm (manhajar da ke haɗa faifai su zama rumbu ɗaya), wato duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya sai a rubuta kwafinsa a ɗayan. Na ba da umarnin haɗa rumbun, nan take na bi shi da umarnin mkfs.ext4 domin in tsara shi da ext4, tsarin adana fayiloli na Linux, sai allon ya tsaya a kan layin da ke nuna ana share gurabun faifan, lambar tana motsawa da ƙyar. Da na buɗe /proc/mdstat, fayil ɗin da ke nuna halin da rumbun yake ciki, sai gabana ya faɗi, domin gudun daidaita faifan biyu ya sauka zuwa kusan kilobait 1,000 a daƙiƙa, kuma a wannan tafiya terabait 2 zai ci kwana 23 kafin ya kammala. Tunanin da ya fara zuwa mini shi ne an sayar mini da faifai mai lahani, amma smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, bai nuna ko kuskure ɗaya ba, zafinsu ma bai kai wanda zai sa su rage gudu ba.

Ashe ayyuka biyu masu nauyi na haɗa a lokaci guda ba tare da na sani ba. Da zarar an ƙirƙiri RAID 1, mdadm yakan fara kwafe faifai na farko gaba ɗaya zuwa na biyu, ko da babu komai a cikinsa. Wannan aiki yana da iyaka biyu da aka saka masa tun asali, ta sama kilobait 200,000 a daƙiƙa, ta ƙasa kuma 1,000, kuma idan ya ga wani aiki yana neman faifan sai ya ja da baya zuwa ta ƙasan. Shi kuwa mkfs.ext4, idan ya gane SSD ne, yakan aika umarnin TRIM, mai sanar da faifai gurabun da zai iya sharewa, a kan dukan faifan kafin ya rubuta komai. A faifan SATA (nau'in mahaɗin faifai da kwamfuta) da ba ya iya jera TRIM tare da sauran umarni, dole kowane aiki ya dakata sai an gama wannan, don haka kowanne daga ayyukan biyu ya zama yana tare wa ɗan'uwansa hanya. Ko babu wannan karo, lissafi ya nuna cewa kwafe terabait 2 a iyakar sama yana buƙatar kusan awa uku.

A nan ne kuma raunin faifan kansu ya fito. Irin QLC ne, masu adana bit huɗu a kowane gurbi, kuma suna ware wani yanki da suke rubutu a cikinsa da sauri kafin su kwashe zuwa ainihin ma'ajiyar. Muddin yankin bai cika ba, gudunsu yana kusa da megabait 500 a daƙiƙa, wanda bai yi nisa da iyakar SATA ba. Da na bar kwafewar ita kaɗai tana tafiya, ina kallon iostat, mai nuna gudun faifai, sai yankin ya cika, gudun rubutu ya faɗo ƙasa da na tsofaffin faifan da na cire. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin a jikin kwali lambar farko kaɗai aka rubuta, alhali ta biyun ce mai haɗa rumbu zai rayu da ita.

Washegari na rushe rumbun na sake daga tushe. Na share kowane faifai shi kaɗai da blkdiscard, wanda ya gama cikin ƙanƙanin lokaci, kuma ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan umarni yana hallaka duk abin da ke kan faifan ba tare da hanyar dawo da shi ba. Daga nan na haɗa su da zaɓin assume-clean domin a tsallake kwafewar farko, abin da na yarda da shi saboda RAID 1 ne a kan faifai marasa komai, amma ba zan yi shi a RAID 5 ba, tsarin da ke rarraba bayanai a kan faifai uku ko fiye, inda lissafin kariyar bayanai ya dogara da wannan daidaitawa. Na kuma tsara ext4 da zaɓin nodiscard, wanda ke hana aika TRIM lokacin tsarawa. Rumbun ya tashi cikin 'yan mintuna, sannan na sa mdadm ya binciki faifan biyu cikin dare domin in tabbatar sun dace da juna.

Tun daga lokacin fstrim, mai aika TRIM a kan gurabun da babu komai kaɗai, yana gudana sau ɗaya a mako, kuma ban sake ganin tsaiko ba. Buɗe hotuna da neman fayil sun fi sauri a kan yadda suke a da, nesa ba kusa ba, uwar garken kuma ta yi tsit, babu ƙarar juyawa. Ga wanda yawancin aikinsa karanta bayanai ne, waɗannan faifai sun biya kuɗinsu. Sai dai ranar da ɗaya ya mutu, sabon da zan saka dole a kwafe masa terabait 2 cur, ba zaɓin da zai tsallake wannan, kuma duk tsawon awannin bayanaina suna kan faifai ɗaya tak. Saboda haka na riga na yanke shawarar cewa wanda zai maye gurbinsa irin TLC zai kasance, mai adana bit uku a kowane gurbi, ko da ya fi tsada.