Allo ya yi baƙi: nomodeset ko shiga BIOS?

Ka saka filasha za ka ɗora Ubuntu, wato wani nau'in Linux mai gudanar da kwamfuta, tambari ya bayyana, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fanka kuwa na ta juyawa. Yawanci direban katin hoto ne ya ƙi, wato manhajar da ke sarrafa katin da ke fitar da hoto a allo, musamman a laftof mai katin Nvidia haɗe da na Intel.

Hanya ta farko ita ce nomodeset, wata kalma da ke hana Ubuntu amfani da direban katin hoto yayin tashi. A jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, danna e, ka nemi layin da ke da "quiet splash", ka ƙara nomodeset a bayansa, sannan F10. Minti ɗaya bai cika ba. Sai dai rubutu zai fito manya-manya, wani lokaci maɓallin haske ma ya daina aiki, kuma da ka sake kunnawa gyaran ya tafi. Ta shigar da kai cikin Ubuntu ne kawai, sai ka saka direban Nvidia daga baya.

Ta biyu, ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar kanta, galibi da danna F2 da zarar ka kunna, ka zaɓi katin Intel kaɗai. Wannan ba ya gogewa, hoto kuma ya fito tsaf. Amma ba kowace laftof ke da zaɓin ba.

Ni dai nomodeset nake fara gwadawa, don ba ta taɓa komai a cikin na'urar.