Batirin litiyam na bango mai yunit 5: ya ci kuɗinsa, amma inda aka kafa shi ke yanke masa kwana

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. Duhun da ya rufe Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka yi kwanaki babu NEPA, shi ya ƙarasa tura magidanta da yawa wajen masu sola. Yanzu a Kaduna in ka bi shagunan kayan wuta na Ahmadu Bello Way ko kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, abin da za a fara nuna maka shi ne farin akwatin nan da ake ratayewa a bango, batirin litiyam mai 51.2V da 100Ah. Sunayen kamfanonin da ke jikinsu sun bambanta, amma ginin cikinsu kusan ɗaya ne, don haka wannan sharhi ya shafe su gaba ɗaya.

A cikin akwatin akwai ƙwayoyin batir 16 na wani nau'in litiyam da ake kira LiFePO4, kowace tana ba da 3.2V, an jona su a jere suka tashi 51.2V. In ka ninka da 100Ah za ka samu yunit 5.12, irin yunit ɗin da kake saye a mitar kati. Tare da su akwai ɗan allon da ake kira BMS, wanda ke gadin ƙwayoyin: shi ke yanke caji in sun cika, ya yanke wuta in sun kusa ƙarewa, ko sun yi zafi, ko an ja musu fiye da ƙarfinsu. Akwai masu ƙwaya 15, su kuma 48V ne, yunit 4.8. Ka tambaya tun a shago, domin saitin cajinsu ba ɗaya ba ne.

In aka gwada shi da tubula, batirin nan mai ruwan asid wanda muka fi sabawa da shi, litiyam ya yi gaba nesa ba kusa ba. Tubula huɗu masu 12V da 200Ah a takarda yunit 9.6 ne, amma rabi kawai ake so ka ci in kana son su daɗe, wato 4.8. Litiyam kuwa za ka ci kashi 80 zuwa 90 cikin 100 kullum ba tare da ya ji jiki ba. Ba ya son ƙarin ruwa, ba ya fitar da iskar asid, yana cika cikin kusan awa biyu a kan 50A, abin da ke da muhimmanci ga unguwar da ake kawo wuta a ɗauke kafin a gama guga. Nauyinsa kilo 45 zuwa 50, alhali tubula ɗaya tal ya kan haura kilo 60. Aibinsa tsada, sai kuma cewa in allon BMS ya lalace ba kowane mai gyara ke iya taɓa shi ba. Duk da haka, ga wanda ya iya, shi muke ba da shawara a saya.

Sai dai kada mai shago ya ce maka guda ɗaya zai riƙe gida duka. Ɗauki dare ɗaya a watan Afrilu: fankar sama uku masu wat 70, awa goma, yunit 2.1 ke nan. Kwan fitila goma masu wat 10, awa shida, 0.6. Talabijin 0.4, firij kusan 0.7, ita kanta inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, tana cin wajen 0.5 don kawai tana kunne. Ka ga an haura yunit 4, kuma abin da zai iso soket daga batirin bayan asarar inbata bai wuce hakan da yawa ba. Zai kai ka asuba, amma da ƙyar. Esi mai doki ɗaya shi kaɗai zai shanye shi cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Mai son esi da dare batir biyu zai fara da su, famfon bohol da dutsen guga kuma a bar su sai rana ta take.

Babban kuskuren da ake yi a Kaduna ba a wajen saye yake ba, a wajen zaɓen wuri yake. Zagayen caji 6,000, wato a cika a shanye sau 6,000, da kamfanoni ke rubutawa a kwali an auna shi ne a ɗaki mai digiri 25. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafin la'asar yana wuce digiri 35 a inuwa, ƙaramin sito mai kwano babu silin kuma ya kan haura 40 cikin sauƙi. Zafi ba ya kashe litiyam nan take, a hankali yake cinye ƙarfinsa, sai bayan shekara biyu ko uku maigida ya lura batirin da ke kai shi asuba yanzu ƙarfe uku yake mutuwa. In zafin ƙwayoyin ya kai wajen digiri 50 zuwa 55, yawancin BMS yanke caji suke yi, daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, sai a yi ta zargin farantan sola alhali ɗakin ne ya yi zafi. Tubula ya fi shan wahala: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa.

Saboda haka kafin mai haɗawa ya zo, zaga gidanka da ƙarfe huɗu na yamma kana ɗora tafin hannu a bango. Bangon yamma za ka ji shi kamar an ɗauke tukunya daga kansa, kuma haka zai riƙe zafin har bayan isha'i. Wannan bango a bar shi. Abin da ake nema bangon ciki ne, wanda rana ba ta dukansa ta kowane ɓangare: korido, ƙarƙashin matakalar bene in iska na ratsawa, ko sito mai silin da taga. In ba ka tabbata ba, ajiye ƙaramin ma'aunin zafi a wurare biyu ko uku na kwana biyu, wanda ya fi sanyi shi ya ci.

Akwai wuraren da ba ma a shawara a kansu. Kicin, saboda zafin murhu da maiƙo da tukunyar gas. Ɗakin janareta, saboda fetur da hayaƙi, ga shi ƙaramin tartsatsi ya isa. Bangon da banɗaki ke bayansa, ko wanda bututun ruwa ya bi ta cikinsa. Ɗakin kwana ma ba mu so, ko da yake LiFePO4 ya fi batirin waya wuyar kamawa da wuta, domin fankar inbata tana hana barci, kuma in wani abu ya soma ƙonewa ba a so ya zama kusa da kan mai barci ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita. Baranda da gareji buɗaɗɗe suna da nasu: feshin ruwan sama a damina, ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga kuma idon ɓarawo. Yawancin waɗannan batura na cikin ɗaki ne, ba a rufe su yadda za su jure ruwa ba.

Masu gida a unguwannin da ke bakin Kogin Kaduna, ko inda kwata ke cika ta shigo gida a Agusta da Satumba, su duba alamar da ruwa ya taɓa bari a bango su ɗaga batirin sama da ita sosai. Ko inda ambaliya ba ta zuwa, kada ya sauka ƙasa da santimita 40 daga daɓe, saboda ruwan goge-goge da hannun yara.

Maganar rataye kuma tana son natsuwa. Kilo 50 ba agogon bango ba ne. Bulon inci 6 mai rami, musamman wanda aka yi wa rowar siminti, ba ya riƙe notin da ke buɗewa a ciki, yau da gobe sai ya saki, batirin ya rinjayo ya ja wayoyinsa. In bangon na inci 9 ne mai ƙwari, noti huɗu masu kaurin milimita 8 ko 10 sun isa, a tabbata sun kama jikin bulo, ba filasta ba. In akwai shakka, a huda bangon gaba ɗaya a ɗaure da dogon noti da faranti ta baya, ko a je Panteka mai walda ya yi teburin ƙarfe mai ƙafa huɗu a ɗora a kai, a ɗaure shi da bango kada ya kife. A bar tazarar santimita 30 ta kowane gefe. Kada a kafa batir a saman inbata, domin zafinta sama yake tashi. Gefe da gefe ya fi, ko batir a ƙasa.

Kusancinsu dole ne. Inbata mai kilowat 5 in ta ɗauki cikakken kaya tana jan fiye da 100A daga batir, wannan kuwa ba ƙaramar wuta ba ce. Wayar da ke tsakaninsu ta zama tagulla zalla, 25mm² mafi ƙaranci, 35mm² ta fi, tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa tagulla. Kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye ta. Kan waya a matse shi da na'urar matsewa, ba a daddake shi da guduma ba, a ɗaure noti tam. Sau da yawa gobarar sola daga nan take tashi: noti ya yi sako-sako, wurin ya riƙa zafi, roba ta narke. Bayan sati biyu da haɗawa a kashe komai a sake bin notin ɗaya bayan ɗaya.

Tsakanin batir da inbata a sa fiyus ko bireka ta DC mai 125A, kusa da batirin. Bireka irin ta wayarin gida ba ta yi, ko da lambar ta yi daidai, domin wutar batir, wato DC, in aka yanke ta tana jan harshen wuta da ba ya mutuwa da kansa, birekar wutar gida kuwa, wato AC, ba a gina ta don kashe shi ba. Nan ne masu haɗawa ke yawan rage kuɗi, kuma araha ba ta ado. Haka sandar atin, wadda ake kafawa a ƙasa, da na'urar kare tsawa a ɓangaren farantai da ɓangaren NEPA. Duk wanda ya san hadarin farkon damina a garin nan ba zai ga ƙyashin kuɗinsu ba. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofar ɗakin, ta waje.

Wani abu da ke rikita mutane ranar haɗawa: a kunna batir, ya yi ƙara, jan kwai ya kama, ya kashe kansa. Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Inbata tana da ma'ajiyar wuta a cikinta da ke zuƙar wuta mai yawa a daƙiƙar farko, sai BMS ya ɗauka wayoyi ne suka haɗu. Baturan kirki suna sakin wutar a hankali da farko, muddin an bi tsarin kunnawa da ke takardarsu.

Saiti shi ne ƙarshen aiki, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. In batir da inbata suna fahimtar juna, a jona wayar sadarwa ta CAN ko RS485, batirin da kansa zai riƙa gaya wa inbata abin da yake so. Wayar tana kama da ta intanet, amma jerin zaren cikinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa ya kamata ka nemi a haɗa su a gabanka a shago ka ga kason caji ya fito a fuskar inbata. In ba sa jituwa, a saita da hannu: ga mai ƙwaya 16, caji wajen 56V, yankewa wajen 48V, mai ƙwaya 15, caji wajen 53V. Lambar da ke takardar kamfani ita ce gaba da kowa. Lallai a kashe cajin daidaitawa da ake yi wa tubula, domin yana kai wuta inda litiyam ba ya ɗauka. Kada kuma a haɗa litiyam da tubula a layi ɗaya. In za a ƙara na biyu daga baya, ya zama irin na farko, a caja su su daidaita kafin a jona, wayoyinsu tsawo ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai riƙa ɗaukar kayan ɗan'uwansa.

Jabu ma ya shigo kasuwa, akwati mai kyau da tsofaffin ƙwayoyi ko ƙanana a ciki. Sikeli yana tona asiri: ƙwaya mai 100Ah tana kusan kilo 2, 16 sun haura kilo 30 tun ba a sa akwatin ƙarfe ba, don haka batirin yunit 5 mai kilo 25 bai cika ba. A satin farko cika shi taf, kashe farantai da NEPA, ɗora masa kaya mai wat 1,000, ka duba agogo. Ya kamata ya yi awa huɗu ko sama da haka. In ya faɗi a awa uku, mayar da shi tun takardar garanti ba ta yi ƙura ba, kuma ka tabbata tun ranar saye an rubuta lambar jikin batirin a rasit.

Ragowar kulawa kaɗan ce. Toshe ramukan da wayoyi suka shiga, saboda ɓera da tsaka da kyankyaso suna son ɗumin wurin, fitsarin ɓera kuma yana cin allon BMS. A lokacin hunturu a goge ƙura da busasshen tsumma duk sati, a hure ragar inbata. In za a yi doguwar tafiya, kamar aikin Hajji, a bar batirin a wajen kashi 50 zuwa 60, a sauke bireka, a kashe shi daga maɓallinsa.