Littafin Musulmin Sin ko na tawayen Shimabara?

Malam, duka biyun ina da su. In kuɗin guda ɗaya gare ka, ɗauki na Musulmin Sin.

Nawa har bangonsa ya yage saboda aro. Akwai ranar da na karanta wa wani dattijo a majalisarmu babin Ma Mingxin, malamin da ya yi karatu a Yaman ya dawo lardin Gansu na ƙasar Sin yana koyar da zikiri da ɗaga murya, alhali mutanen wani malamin, Ma Laichi, a asirce suke yin nasu. Dukkansu 'yan ɗariƙar Naƙshabandiyya ne fa. Gardama ta yi zafi a cikin ƙabilar Salar har aka zubar da jini, hukumar Qing mai mulkin Sin a lokacin ta shigo ta goyi bayan tsohon ɓangaren, wato na Ma Laichi, aka kama Ma Mingxin aka kashe shi a Lanzhou a 1781, almajiransa da suka tayar da ƙayar baya aka murƙushe su. Dattijon ya girgiza kai ya ce ashe irin rigimar ƙabalu da sadalu ba mu kaɗai muka san ta ba. Sai da ya kwana da littafin. Ga kuma su Wang Daiyu da Liu Zhi na Nanjing, waɗanda suka bayyana tauhidi da harshen Sinanci, suna aron kalmomin malaman Konfushiyas, tsohon malamin falsafar Sin, domin masu ilimin ƙasar su gane Musulunci ba baƙon tunani ba ne. Liu Zhi har sirar Annabi (SAW) ya rubuta.

Na Shimabara ba laifi. Manoman Japan ne, yawancinsu Kiristoci, da haraji da tsangwama suka ishe su a 1637, aka yi musu ƙawanya a ganuwar Hara, aka kashe kimanin 37,000 a 1638. Amma wanda na saya, rabinsa lissafin dakaru ne da bindigogi, addinin kuwa tsakure kawai.

Ka yi hattara da masu tallar littafi a WhatsApp. Wasu hoto suke yi wa shafuka su ɗinke, su sa bango mai sheƙi su ce na asali ne, wasu kuma tarkacen intanet suke tattarowa su buga. Kada ka tura kuɗi sai an nuna maka shafin mawallafi da na ƙarshe.