Rautar TP-Link Archer C6 a gida mai kwamfuta uku

Na sayi wannan rauta, wato na'urar da ke raba layin intanet ga kwamfutocin gida, saboda buƙata guda: ina son in riƙa shiga kwamfutar da ke gida daga shago, ƙanena kuma yana son haka ga tasa, ga ta uku da yara ke karatu da ita, dukanmu a kan layin intanet ɗaya. Ta fuskar sauri ba ni da ƙorafi. Tana da ramukan waya huɗu masu gudun gigabit, tana kuma watsa Wi-Fi a kan 2.4GHz da 5GHz.

Inda na daɗe ina fama shi ne tura ƙofa, wato umartar rauta cewa duk saƙon da ya zo daga waje ta ƙofa mai lamba kaza ta miƙa shi ga kwamfuta kaza. Gidan duka adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) ɗaya yake da shi a idon duniya, su kuwa kwamfutocin ciki suna ɗauke da adireshi irin 192.168.0.101 da 192.168.0.102, waɗanda ba a ganinsu daga waje. Remote Desktop na Windows, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, yana sauraro ne a ƙofa ta 3389, kuma da zarar na ba tawa wannan lamba, to ta ƙanena ta rasa, domin rauta ba ta da yadda za ta gane wa baƙon yake nema idan duka biyun sallamarsu ɗaya ce a zaure. Wannan ba laifin Archer C6 ba ne, haka tsarin NAT, wato haɗa kwamfutocin gida a bayan adireshi ɗaya, yake a kowace rauta. Abin da ta yi da kyau shi ne ta raba lambar waje da ta ciki, sai na tura 3390 ta waje zuwa 3389 ta kwamfutar ƙanena, magana ta ƙare. Zaɓin DMZ, mai miƙa saƙonnin waje ga kwamfuta ba tare da ware ƙofa ba, bai taimaka ba, tunda kwamfuta ɗaya tak yake ɗauka, kuma yana barinta a buɗe warwas.

Kwana biyu da saitawa aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita kwamfutocin suka yi musayar adireshi, na buga tawa daga shago sai ga allon ƙanena yana neman kalmar sirri. Maganinsa a ɗaure wa kowace kwamfuta adireshinta na dindindin a sashen DHCP, inda rauta ke raba wa kwamfutoci adireshi, aikin da bai wuce minti biyar ba.

Akwai iyakar da ta fi ƙarfin rautar. Lokacin da na jona ta da layin 4G na wani kamfanin waya, shiga kwamfutocin daga waje ta tsaya cak. Na duba adireshin da aka ba ta sai na ga ya fara da 100.64, wanda ke cikin rukunin da aka ware tun 2012 domin kamfanoni su haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda irin wannan adireshi na IP, da ake kira IPv4, kimanin biliyan 4.3 ne kawai kuma sun yi kaɗan. A irin wannan hali, ƙofar gaskiya tana hannun kamfanin, duk abin da ka saita a gida aikin banza ne. Don haka kafin ka biya kuɗin rautar, tambayi mai ba ka intanet ko zai ba ka adireshi naka na kanka. Idan kuma ka buɗe 3389, sa kalmar sirri mai tsawo, domin masu gwada sa'a ba sa daɗewa ba su ƙwanƙwasa ba.