Kafin ka sayi kifin ado a Kaduna, duba wutar unguwarku

Yawancin masu kiwon kifin ado a garin nan ta ƙofa ɗaya suka shigo. Yaro ya ga jan kifi yana yawo cikin gilashi a falon wani kawunsa a Malali, ya dawo gida ya hana kowa sakat, sai uban ya biya ya sayo golfish biyu a leda, haɗe da 'yar tukunyar gilashi mai siffar ƙwallo. Kwana huɗu kifin ya fara hawowa sama yana hangame baki, ranar na bakwai a wayi gari ya juya ciki sama. Daga nan sai ka ji ana cewa ai kifin ado ba ya rayuwa a Arewa. Yana rayuwa, har ya hayayyafa. An dai fara sayayyar ne daga ƙarshe. Kifi shi ne abu na ƙarshe da za ka biya wa kuɗi, kuma tsakaninsa da sayen tanki akwai wata guda cur.

Mu fara da mazubin. Zaɓi uku ne a gabanka: tukunyar gilashin nan, tankin kanti da aka shigo da shi daga waje, ko wanda masu yankan gilashi za su haɗa maka. Tukunyar ka cire ta daga lissafi. Ruwanta kaɗan ne, bakinta ƙarami, iska ba ta shiga sosai, ba ta da wurin sa matata, wato na'urar tace ruwa, kuma kashin kifi ɗaya ya isa ya lalata ruwan cikin kwana biyu. Mutane suna ɗauka ƙaramin mazubi ya fi sauƙi ga sabon shiga, alhali ruwa mai yawa shi ke yafe kuskure: in ka cika abinci ko ka makara wajen canjin ruwa, lita 50 za ta shanye, lita 5 ba za ta iya ba.

Tankin kanti yana zuwa da murfi da fitila, wani lokaci har da matata a jikinsa. Yana da kyan gani, amma ya fi tsada, kuma in injin da ke jikinsa ya ƙone, samun irinsa aiki ne. Na haɗi ya fi araha, kai ke faɗin girman da kake so, sai dai dole ka tsaya a kan mai aikin. Ga tanki mai tsawon santimita 60, gilashin ya kai kaurin milimita 5 ko 6, kar a yi maka da siririn gilashin taga. Silikon ɗin da za a liƙe shi da shi ya zama na tankin kifi, domin irin na banɗaki da kicin ana sa masa maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga kifi. In an gama, cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu ka ga ko yana yoyo.

Lissafin girma ba shi da wuya: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 1000. Tanki mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, wato jarkar 'yan garuwa biyu da ɗan ɗori. Kowace lita kilo ɗaya ce, in ka haɗa da yashi da gilashin kansa ka doshi kilo 70. Teburin talabijin na katakon garin katako ba zai ɗauka ba. Masu walda a Panteka za su yi maka teburin ƙarfe, ka shimfiɗa katako da siririn soso a kai, ka tabbata ya zauna daidai bai karkata ba. Kar ka ajiye shi inda rana ke faɗowa ta taga, in ba haka ba gansakuka za ta rufe gilashin, ruwan kuma ya riƙa zafi da rana yana sanyi da dare.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato wuta. Littattafai da bidiyoyin da ake koyon wannan harka da su, mutanen da ba a ɗauke musu wuta ne suka yi su. Mu kuwa a Rigasa ko Tudun Wada ko Kawo, mun san ana iya wuni a kwana ba a kawo ba. Matata ba datti kawai take tacewa ba. A cikin sosonta wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, su ne ke juya amoniyar da ke fita daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci zuwa naitirayit, sannan zuwa naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai kuma canjin ruwa ke fitar da shi. Waɗannan ƙwayoyi da iska suke rayuwa. In ruwa ya daina ratsa su na tsawon sa'o'i sai su fara mutuwa, ranar da wuta ta dawo kuma injin ya kwararo wa kifi ruwan da ya yi tsami.

Don haka cikin matatu uku da za a nuna maka, wato mai injin da ake nutsarwa cikin ruwa, da wadda ake ratayawa a bayan tanki, da ta soso mai aiki da famfon iska, ni ta soso nake zaɓa wa mutumin Kaduna ba tare da wani dogon tunani ba. Ita ce mafi araha, ba ta da abin lalacewa, ba ta zuƙe 'ya'yan kifi, famfonta kuma wutar da yake ci ba ta wuce wat 2 zuwa 5 ba. Akwai mai batir a cikinsa da ke ci gaba da aiki da kansa in an ɗauke wuta, akwai kuma ƙarami da ake jonawa a fawa bank irin na waya. Wannan ƙaramin famfo ya fi duk wata fitila mai launi-launi ko gidan roba na ado muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. Wadda ake ratayawa ta fi sa ruwa ya yi garau, amma sai mai sola ko inbata. Mai injin ciki tana da ƙarfi, har takan wahalar da ƙananan kifi masu doguwar jela.

Hita fa? A nan ba duk shekara ake buƙatarta ba. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi ne, suna jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28, kuma ɗakunanmu a nan suke yawancin watanni. Matsalar tana zuwa sau biyu. A Disamba da Janairu, sanyin asubahin hunturu yana saukar da ruwan, sai ka ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jikin kifin, cutar da ta fi kama su in sanyi ya raunana su. Hita mai wat 50 da ke kashe kanta ta isa tankin lita 54, in babu wuta kuma a lulluɓe tankin da bargo da dare. A Maris da Afrilu kuwa zafi ne, kuma ruwa in ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi. Lokacin sai a ɗaga murfi, a sa fanka ta riƙa busa saman ruwan, a ƙara kumfa. Kar a zuba ƙanƙara kai tsaye. Ma'aunin zafi kuɗinsa kaɗan ne, saye shi tun ranar farko.

Ruwan famfo yana da kulorin, wanda ke ƙona kifi ya kuma kashe ƙwayoyin matata. Akwai maganin da ake ɗigawa ya kashe shi nan take, ya fi a dogara da barin ruwa ya kwana. Ruwan bohol ba shi da kulorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, a tara shi a bokiti ya kwana da famfon iska a ciki. Na 'yan garuwa shi na fi tsoro, don ba ka san me jarkar ta taɓa ɗauka ba. Ko wanne ka zaɓa, tsaya a kansa, kar yau bohol gobe ruwan leda. Ware wa kifi bokitinsu da sabulu bai taɓa shiga ba.

Ka zuba yashin da ka wanke, ka cika ruwa, ka kunna matata, sai ka jira sati huɗu zuwa shida babu kifi, kana jefa ɗan tsunkulen abinci duk bayan kwana biyu don ƙwayoyin su samu abin ci. Na san da wuya, musamman in yara na tambaya kullum. In kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙe shi ya matse maka sosonsa a cikin naka, kwanakin za su ragu sosai. Akwai kuma 'yan takardun gwajin ruwa da ke nuna maka ranar da amoniya da naitirayit suka koma sifili.

Sai kifi. Golfish, wanda kowa ke farawa da shi, shi ne mafi rashin dacewa da mu. Asalinsa daga Sin yake, ruwan sanyi yake so, wajen digiri 18 zuwa 22, yana girma ya wuce santimita 15, yana kuma yawan kashi. Zafin Afrilu a ƙaramin tanki azaba ce gare shi. Koi kuwa na tafkin tsakar gida ne, yana haura rabin mita.

Waɗanda nake ba sabon shiga shawara a kansu su ne masu haihuwar 'ya'ya a raye: gupi, filati da moli, 'yan asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Gupi ya fi kyan jela kuma ya fi samuwa, amma wasu da aka yi ta haɗa jinsinsu don launi ba su da ƙwari. Filati bai kai shi ado ba, amma ya fi shi juriya, ba ya faɗa, bai wuce santimita 6 ba. Moli ya fi su girma, yana son fili da ruwa mai tsafta sosai. In ni ne, filati zan ɗauka. Kowane namiji a ba shi mata biyu ko uku, don namiji ɗaya da mace ɗaya zai yi ta bin ta har ta galabaita.

Daniyo, ɗan Indiya mai ratsin jakin dawa, yana da taurin rai kuma sanyin hunturu bai dame shi ba, sai dai a saye shi shida zuwa sama, kuma yawan gudunsa yana takura masu doguwar jela. Niyon tetira mai shuɗin layi yana ɗaukar ido, amma ɗan kogin Amazon ne, ba ya son sabon tanki ko tsananin zafi, a bar shi sai hannu ya faɗa. A ƙasan tanki, kori, wani ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa mai sanyin hali, yana zama lafiya da filati da gupi. Shi ma a garke yake rayuwa, kuma yashi mai laushi yake so don tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin baki.

Wanda unguwarsu wuta ta yi muni ƙwarai, ya duba beta, kifin faɗan nan na Tailan. Yana da wata gaɓa da yake shaƙar iska da ita daga saman ruwa, shi ya sa tsayawar famfo ba ta kayar da shi da wuri. Namiji ɗaya shi kaɗai a lita 20 ko fiye, da murfi don yana tsalle. Maza biyu sai ɗaya ya illata ɗaya, namijin gupi ma yakan ɗauke shi abokin gaba saboda jelarsa. Sanyi ne kawai ba ya jurewa.

Akwai waɗanda a leda za ka gan su ƙanana masu ban sha'awa. Oska yana kai santimita 30, yana haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Fileko, da ake tallata shi da sunan mai share gilashi, ya kan wuce haka. Enjel in ya girma yana cin niyon. Taiga bab yana yagar jelar gupi da beta. 'Yar tarwaɗa ko ƙarfasar da yara suka kamo a bakin kogi kuwa, ta farko za ta cinye maƙwabtanta da dare, ta biyu ta tone tankin ta kori kowa. Amma in ka ƙware ka koma tanki mai lita 80 ko fiye, nemi kiribensis. Ɗan ƙasa ne, daga ƙoramun kudancin Najeriya da Kamaru, masu kiwo a Turai sun daɗe da saninsa. Kifa masa 'yar tukunyar ƙasa mai ƙofa, za ka ga uwa mai jan ciki da uba suna kiwon 'ya'yansu tare.

A wurin mai sayarwa kar ka yi sauri. Tsaya ka kalli tankin gaba ɗaya: in akwai matacce a ciki, ko mai fararen ɗigo, ko mai maƙe fikafikai a kusurwa, kar ka ɗauki ko ɗaya daga nan. Tambaye shi yaushe kayan suka iso, domin kifin da ya sha doguwar hanya a leda yana buƙatar kwanaki ya farfaɗo. Ce masa ya ba su abinci a gabanka. In ka iso gida, ɗora ledar a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20, sannan ka kwashe kifin da raga, ruwan ledar kuma ka zubar. Fara da uku, bayan sati biyu ka ƙara. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kowane sati a canza kwatan ruwan, soson kuma a matse shi cikin ruwan da aka kwasa daga tankin.

Abu ɗaya da ya kamata duk gidan su sani, daga uwargida har mai aiki: maganin sauro na fesawa da na kunnawa yana kashe kifi ko da kaɗan ne, kuma famfon iska zuƙo shi yake ya tura cikin ruwa. In za a yi feshi, a kashe famfon, a rufe tankin da tawul mai ɗanshi har ɗakin ya sha iska. Kaskon turaren wuta ma a nisanta shi da famfon.

Wajen sati huɗu mace gupi ko filati ke yi ta haihu, don haka nan da wata uku za ka ga tankin ya cika da 'ya'ya. In ba ka son haka, sayi maza zalla tun farko. In kuwa sun riga sun yi yawa, raba wa abokai ko ka mayar wa mai sayarwa ya musanya maka da abinci. Kar a juye su a kwata ko a Kogin Kaduna.