Sarƙar aƙiƙ, amonait da tsofaffin tsakiyoyin Benis: duwatsu na gaske, haɗi mai rauni

Sarƙar wuyan da muke dubawa aikin hannu ce, tsawonta santimita 50, nauyinta ya ɗan haura giram 70. A tsakiya an rataya burbushin amonait, wata tsohuwar halittar teku da ta zama dutse, da aka tsaga biyu aka goge, faɗinsa kusan santimita 3, an ɗaure shi da azurfa. Ta kowane gefe akwai jan aƙiƙ mai milimita 10, da tsakiyoyin gilashi na birnin Benis na Italiya uku-uku, da ƙananan lafis lazuli, wato wani shuɗin dutse, a tsakani, sai ambar, wato daskararren ƙaron itace, guda biyu kusa da maɗauri. Wanda ya haɗa ta ya san dutse, wannan babu ja. Inda muke da magana da shi wajen zurawa ne da ɗauri, domin a irin wannan kaya nan ake gane ko sarƙa za ta daɗe ko za ta watse tun ba a gama ɗokinta ba.

Aƙiƙin na gaske ne. Yana da sanyi a hannu, yana da nauyi, kuma idan aka ɗaga shi ga haske ana ganin zane-zanen cikinsa, ba a ganin kumfar iska irin ta gilashi. Taurinsa a ma'aunin Mohs, wanda ke auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, yana tsakanin 6.5 da 7, shi ya sa bakin wuƙa ba ya yi masa tabo. Jan nasa ya nuna an gasa shi, kuma wannan ba algus ba ne: a Khambhat ta jihar Gujarat a Indiya an shafe ƙarnoni ana gasa aƙiƙ don jansa ya fito. Rini shi ne abin tsoro, kuma yana tona kansa, domin launin kan taru a cikin tsaguwa da bakin huda. Ba mu ga haka a nan ba. Lafis ɗin matsakaici ne, da farare-fararen jijiyoyi da ɗigon ruwan zinariya kaɗan, bai kai shuɗin nan mai zurfi na Badakhshan a Afganistan ba. An goga masa auduga mai asiton, wato ruwan goge jan farce, ta fito fes, alamar ba a rina shi ba.

Amonait ɗin shi ne ya fi ɗaukar ido. Halittar teku ce mai murɗaɗɗen ƙoƙo kamar na dodon koɗi, wadda ta ƙare daga duniya shekara miliyan 66 da suka wuce. Wannan irin na Madagaska ne, ɗakunan cikinsa sun cika da kalsait, wani ma'adini mai ruwan zuma. Matsalarsa laushi: taurinsa bai wuce 3 zuwa 4 ba, kuma duk abu mai tsami yana cinsa, har da zufa idan ta daɗe a kai. Maƙerin ya yi dabara da bai huda shi ba, ya zagaye shi da azurfa ya lanƙwasa bakin. Amonait da aka huda yakan tsage ta bin bangon ɗakunan nan, galibi daga ramin. Sai dai a bayansa akwai wani gurbi da aka cike da gam mai tauri aka goge. Cikon ba laifi ba ne, yawancin burbushi sai da shi, amma ya kamata mai sayarwa ya faɗa, kuma a takardar da ta zo da sarƙar ba a faɗa ba.

Tsakiyoyin Benis su ne tsadar wannan sarƙa, don haka a nan ya kamata mai saye ya tsaya ya duba da kyau. Masu zanen tauraro ne, irin da aka fara yi a tsibirin Murano da ke Benis wajen ƙarshen ƙarni na 15. Yadda ake yinsu shi ne a ɗebo narkakken gilashi, a danna shi cikin mazubi mai siffar tauraro, a lulluɓe shi da wani launi, a sake dannawa, hawa bisa hawa. Daga nan sai a ja shi ya zama doguwar sanda mai rami a tsakiya, a yayyanka, a goge bakunan har hawan launukan su bayyana suna zubi-zubi. Mafi tsufa suna da hawa bakwai, kuma bakunansu a fiƙe suke fuska-fuska. Na ƙarni na 19 da farkon na 20 hawa huɗu ko shida ne. Waɗanda ke kan sarƙar nan shida ne: daga waje shuɗi, fari, ja, fari, shuɗi, fari. Ke nan ƙirar tsofaffi ce, amma ba na shekara 500 ba, kuma duk wanda ya ce maka haka a kan mai hawa shida, ka riƙe kuɗinka.

Ƙirga hawa kaɗai bai isa ba, tunda har yau ana yin sababbi a Indiya da Sin. Tsufa na gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya. Bakin ramin yakan side ta gefe guda inda zare ya daɗe yana gurza, jikin yana da ƙananan ramuka da tsohuwar dauɗa ta shige, wani wuri da sheƙi, wani wuri a dushe. Wanda aka tsufar da gangan, ko da ruwan asid ko da jujjuya shi cikin yashi, dushewarsa iri ɗaya ce ko'ina, ramin kuma yana nan da kaifinsa. Biyar daga cikin shidan nan sun ci wannan jarrabawa. Ta shida, a gefen hagu, farinta ya yi haske da yawa kuma raminta bai side ba. A ganinmu sabuwa ce aka sa don a cike gurbi.

Ambar ɗin ƙaron itace ne da ya daskare tun miliyoyin shekaru. A ƙarƙashin fitilar gwada kuɗi yana ba da shuɗin haske, kuma ɗigon asiton bai sa shi danƙo ba, wanda da kofal ne, wato ƙaron da bai gama tsufa ba, da ya yi.

To, sai haɗin. An zura komai a kan wayar ƙarfe mai rufin nailan, mai sili 7, kauri milimita 0.38. Ga sarƙa mai giram 70 wannan ya yi siriri. Waya mai sili 7 tana da gardama, idan ta lanƙwashe sau ɗaya ba ta miƙewa, kuma a wurin lanƙwasar take tsinkewa. Abin da ya dace shi ne mai sili 49, kauri 0.46 ko ma 0.61, wadda ke kwanciya a wuya kamar zare. Ramin tsakiyoyin Benis kuma ya kai milimita 3, ya fi wayar faɗi nesa ba kusa ba, don haka suna rawa a kanta, bakin gilashin yana yankan rufin nailan a hankali. Maganin mai sauƙi ne: a zura ƙananan duwatsu biyu ko uku a cikin ramin kowace tsakiya su cike shi, ko guntun bututun roba.

Kuskure na biyu ya fi ba mu haushi, domin ƙwararre bai kamata ya yi shi ba. An jera ambar kafaɗa da kafaɗa da aƙiƙ babu komai a tsakani. Taurin ambar 2 zuwa 2.5 ne kawai. Duk motsin wuya aƙiƙin yana niƙa shi, kuma tun yanzu akwai farin gari a bakin ɗaya. Ƙaramin zoben azurfa ko ƙulli a tsakaninsu ya wadatar. Wasu za su ce a koma ga zaren alharini da ƙulli bayan kowane dutse, yadda ake yi wa lu'ulu'u. A nan ba zai yi ba, nauyin zai miƙar da shi, gilashin kuma ya yanke shi.

Maɗaurin azurfa ne mai hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce zalla, kuma yana kamawa da kyau. Amma an riƙe wayar da matsi, wato ɗan bututun ƙarfe da ake matsewa a kan waya, ɗaya tak a kowane gefe, an kuma murƙushe shi da filaya ta gama-gari, har ya yi kaifi. Nauyi irin wannan yana son matsi biyu-biyu, masu milimita 2, a naɗe su da filayar da aka yi don haka. Zoben da ke riƙe amonait ɗin ma ba a like shi da wuta ba, lanƙwasa shi kawai aka yi. Ja ɗaya da mayafi ko hannun yaro zai buɗe shi, burbushin ya faɗi, kuma kalsait ba ya jure faɗuwa a kan siminti.

Duwatsun sun cancanci a saye su, ban da tsakiya ɗayan nan. Wanda ya saya ya kai wa mai haɗa sarƙa ya sake zurawa kafin a fara sawa, aiki ne na abin da bai kai awa ɗaya ba, sai liƙin zoben da ke buƙatar maƙerin azurfa, kuma a cire amonait ɗin kafin a kusanto da wuta. A fesa turare ya bushe kafin a ɗaura ta, a goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi bayan an cire, kada a tsoma ta cikin ruwan wanke azurfa, domin zai ci amonait da lafis. A ajiye ta a kwance, ba a rataye ba.